Ka Ce Zai Koya a Hanya? Wace Hanyar, Wadda Ruwa Ya Cinye?

Tun ban buɗe baki ba na hango ka taɓe naka. Wai za a zauna a tsara yadda za a karɓi sabon ma'aikaci, a nuna masa gabas da yamma kafin a sake shi cikin jama'a. Ka ce, "Tsari kuma na mene ne? A miƙa masa takardar kama aiki, a nuna masa kujera, sauran ya gani da idonsa." To madalla, ranka ya daɗe. Amma wace kujerar? Wadda aka jibga wa fayil tun Jigawa na cikin jihar Kano, ko wadda ƙafarta ɗaya bulo ne?

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin in zo kan naka. Ranar da na kama aiki a wani ofis a ƙasar Haɗejiya, ba sai na kama suna ba, ƙarfe bakwai da rabi ta yi mini a bakin ƙofa. Shadda ta sha sitaci har tana ƙara, takalmi sau-ciki sai ƙyalli yake, biro biyu a aljihun gaba don kowa ya san ilimi ya iso. Ban tarar da kowa ba sai mai gadi da wata akuya. Wajen sha ɗaya Oga ya shigo, ya dubi takardata sama-sama, ya ce, "Sannu da zuwa, Allah ya sa ka shigo da ƙafar dama. Zauna tukuna." Wannan "tukuna" ta kai ni kusan mako uku a kan benci, ƙarƙashin bishiyar maina. A nan na haddace sunan mai ƙosai da na 'ya'yanta, na san wanda ke bin wani bashi a ofis, na san motar da ba ta tashi sai an tura. Abu ɗaya ne ban sani ba, aikin da aka ɗauke ni in yi.

Rannan, cikin watan Agusta, sai aka tuna da ni. Aka ba ni saƙo in kai wani ƙauye a cikin fadama. Ɗan acaɓa ya yi ta gudu da ni har inda hanya ta sunkuya ta shige ruwa, ya taka birki ya ce, "Malam, nan ƙarfina ya ƙare, daga nan sai kwalekwale." Na shiga kwalekwale a tsaye kamar mai duba fareti. Mai fito ya daka mini tsawa, "Zauna, Malam, za ka kifar da mu!" Garin zaman takalmi ɗaya ya yi sallama da ni, ya kama hanyar Nguru. Na isa ƙauyen ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a laka, na wuce ƙofar Bulama ban ko waiwaya ba, na tsaya tsakiyar mutane na hau karanta saƙo. Shiru. Can wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Yaro, mun ji wanda ya aiko ka. Amma wa ka gaisar?"

Dariya kake? Yi abarka. Irin wannan yaron ne kake shirin turawa gobe da sunan ofishinka.

Ka ce ai naka daban ne, yana da digiri. Ni ma ina da shi a ranar, yana cikin jakar leda don kada ya jiƙe, kuma shi kaɗai ne ya dawo a bushe. Ba raina karatu nake ba. Yaron da ya fito daga Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke nan Haɗejiya, ya sha wuya kafin ya sami takardarsa, kuma akwai abu a kansa. Sai dai babu malamin da ya koya masa inda makullin sito yake kwana, ko wane fayil ne ba a kai wa Oga kafin ya sha shayi, ko wace rana ce kasuwa ke kwashe mutanen ƙauye har ka kira taro ka tarar da tabarmi kaɗai. Baƙo ko da ido makaho ne. In ya zo da tabarau ma, makaho ne mai tabarau.

Ka ce to ai ɗan gari ne, a Haɗejiya aka yanke masa cibi, ɗan agwagwa ba a koya masa ruwa. Kai, Malam! Wace agwagwar? Wannan da ya tashi a cikin gari, daga makaranta sai gidan kallon ƙwallo, kifi bai san shi ba sai a faranti? Masarautar nan ƙananan hukumomi takwas ne, Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Kiri Kasamma da Guri, kuma ba tuwo ɗaya ba ne miya ɗaya. Wanda aka tura tudun Birniwa cikin Mangawa da wanda aka tura fadamar Guri cikin Badawa, ba aiki iri ɗaya aka ba su ba ko da takardarsu iri ɗaya ce. Ga Fulani a rugage, ga masunta a bakin ruwa, ga manoman rani, kowa da lokacin da ake samun sa da yadda ake shigar masa. Ɗan garin naka ya san duk wannan? Tambaye shi ina Baturiya take, ka ga yadda zai fara lalubar waya.

Yanzu ka gyara hula ka kawo babbar hujjarka. Ka ce, "Mu wa ya koya mana? Haka aka jefa mu, muka yi iyo muka fita." Ka fita, gaskiya ne, ga ka nan da tumbinka. Amma ka faɗa mana fayil nawa ka nutsar kafin ka kai gaci? Mutum nawa suka yi wata uku suna sintiri saboda ka ajiye takardarsu a inda ba nan ba? Waɗanda suka sha ruwan ba kai ba ne, jama'ar da ka koyi aiki a kansu ne. Kuma ka daina cewa babu wanda ya koya maka. Masinja ne ya koya maka, a ɓoye, don tausayi, kai kuwa ko goron sallah ba ka taɓa ba shi ba.

Ka ce wannan duk bidi'ar Turawa ce, mu ba mu gada ba. Innalillahi! A ƙasar Hausa kake wannan magana? Je ka bakin kogi ka ga ko akwai masuncin da ke miƙa wa yaro taru ranar farko ya ce Allah ya ba da sa'a. Sai yaro ya yi ta kwarfar ruwa daga cikin jirgi, ya yi ta ɗinkin koma, ya koyi riƙon gora, ya san ƙayar tarwaɗa ta inda take suka, ya bambance ƙarfasa da ragon ruwa, ya san gurbin da ba a shiga sai da izinin Sarkin Ruwa. Amarya fa? Wa ya taɓa sauke ta daga mota ya nuna mata murhu? Sai an yi mata faɗa a gidansu, gwaggo ta rako ta, an damƙa amana, an yi buɗar kai, an nuna mata wannan ce uwar miji, wannan ƙanin miji ne sai kin yi haƙuri da bakinsa, ta kwana bakwai tana kallon yadda gidan ke juyawa, sannan ta ɗora tukunya. Maniyyaci ma sai ya yi makonni yana zuwa bita, ana nuna masa ɗaurin harami da yadda ake ɗawafi, har da yadda ake shiga banɗakin jirgi. Kai da kanka ka je bitar nan, har ka zauna a sahun gaba. Gwamnati kuwa tun 1973 da Janar Gowon ya kafa hidimar ƙasa, ba ta sakin ɗan bautar ƙasa sai ya yi makonni a sansani, yaron da shekara ɗaya tak zai yi. Amma wanda zai yi shekara talatin da biyar yana sa hannu a takardun mutane, shi ne ka ce ya zauna tukuna.

Na san inda za ka ɓullo yanzu, don na ga idonka ya yi haske. Ka ce, "Af, bita kake nufi? To a shirya! A kama zaure a Dutse, a buga riguna da jakunkuna, a kawo shinkafa da kaza, a raba alawus." Ka ga mutumin! Ɗazu ba ka yarda da horo ba, da ka ji ƙamshin alawus har ka fara lissafin kwana nawa za a yi. A nan kam ni ma ina da shakka. Na sha zama a irin wannan bita. A kashe fitila, a haska rubutu a bango, wani masani ya yi awa biyu yana karanta abin da kowa ke gani, sabbin ma'aikata na gyangyaɗi cikin sanyin na'ura, a tashi a ɗauki hoto, kowa ya karɓi takardar shaida. Ranar Litinin yaro ya dawo ofis bai san ko ina ake sa hannu ba.

Wanda zai yi aiki a fadamar Haɗejiya, malamin gona ne ko malamin asibiti, malamin makaranta ne ko ma'aikacin banki mai bin bashin manoma, darasinsa na farko kogi ne, domin kogin ne babban Oga a nan, shi ke ba da hutu shi ke soke taro. A kai yaro bakin jinga ya tsaya. A gaya masa ruwan nan da yake gani ba na nan ba ne, baƙo ne daga Kano. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya, a kan na farko akwai dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, a kan na biyu akwai na Challawa da aka gama a 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da su. Saboda haka ana iya kwana a nan sama tas babu ko gajimare, a wayi gari ruwa ya shigo gona, don an yi mamako can sama kwanakin baya. Daga nan ruwan ya rarrabu cikin fadama, wani ya bi ta rafin Marma ya nufi Nguru, wani ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya tafi neman tafkin Chadi. Takalmina ma ina jin can ya yi ritaya.

Sannan a nuna masa kacala. Ka ce ciyawa ce kawai, ciyawa har sai an yi mata darasi? Je ka faɗa wa manomin Guri haka, amma ka tsaya nesa. A da kogin kan cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta huta. Da dam ya sa ruwa ya riƙa gudu rani da damina, kacala ta sami gidan zama, ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sai ruwa ya rasa hanyarsa ya shiga ta mutane, wani wuri ya nutse, wani wurin kuma ya bushe ƙurmus. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su tashi kamar hayaƙi su sauka a kan shinkafa. Malamin gonar da bai san wannan ba zai isa ƙauye da laccar tazarar shuka, alhali mutanen tun asuba suke gona suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsu. Za su saurare shi da ladabi, don mutanen kirki ne. In ya tafi su sa masa suna, kuma sunan ba zai bar shi ba har ya yi ritaya.

A ba shi kalandar wurin, ba wadda banki ke rabawa ba. Ya san daga Agusta zuwa Satumba hanya aro ce, ruwa na iya karɓar abarsa ko yaushe. A tuna masa 2020 da 2022, shekarun da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, matasan Haɗejiya suka kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari. Ya san alkama sanyi take so, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, wanda ya kawo iri a Janairu ya kawo abin dafawa ne. Ya san in ruwa ya janye, kaka ta yi, shanu sun gangaro, lokacin ne maganar burtali da mashaya ke zafi, kuma ba wurin da sabon yaro zai je ya nuna iya Turanci ba ne. In aikin ban ruwa na Auyo aka tura shi, ya san akwai ƙungiyoyin manoma masu kula da rabon ruwa, da shugabanninsu, ba a buɗe ƙofar ruwa don wani ya yi maka murmushi. In asibiti ne, ya san bayan ambaliya zazzaɓin sauro da amai da gudawa ke biyowa, ya san tsargiya ba baƙuwa ba ce ga yaran da ke wuni a ruwa, ya san in ruwa ya kori maciji daga rami, ɗakin mutane yake nufa. Kuma don Allah a koya masa zama a kwalekwale, a ba shi rigar kariya, a gaya masa ba a fito da dare, ba a shiga jirgin da aka yi wa lodi har baki ko da Oga na jira a tsallake.

Ka ce duk wannan kuɗi ne, kuma babu kasafi. Kasafin me? Gaisuwa nawa ake sayar da ita? Ranar farko a sami mutum ɗaya da ya san yaron na zuwa, ya tare shi, ya zaga da shi ofis, ya ce wannan shi ne wane, ga aikinsa. A ba shi takarda guda, shafi ɗaya, mai cewa ga aikinka, ga wanda za ka riƙa kai wa rahoto, ga abin da ba ka sa wa hannu sai ka tambaya. Cikin makon a kai shi ya gaida Hakimi, ya gaida Dagaci da Bulama, a nuna masa inda ake tuɓe takalmi, in yana da sauran takalmin. Man babur na kwana uku ne da goro. Kuɗin rigunan bitarka ta Dutse kaɗai ya isa a yi wa ma'aikata ashirin wannan, har a sami canjin kifi banda a kasuwar Haɗejiya.

Akwai kuma maganganun da kowa ke jin nauyin faɗa, yaro kuma na jin kunyar tambaya. Yaushe albashin farko zai shigo, kuma wace takarda ce in ba a cike ba zai yi wata uku yana cin bashin mai shayi? Me ake yanka na fansho? Ya san shekara biyun farko na gwaji ne kafin a tabbatar da shi? In ba shi da lafiya wa zai gaya wa? In wani babba ya matsa masa, ko ya matsa mata, ƙofar wa za a buga? Na ce "mata" da gangan, don na ga ka manta cewa sabon ma'aikacin naka na iya zama Hajiya ƙarama, ungozoma ko malamar firamare, da aka tura ƙauyen da ba ta san kowa ba. Ina za ta sauka? Akwai banɗaki mai ƙofa? Ka ce wannan ba aikin ofis ba ne. To aikin wa ne, Sarkin Ruwa?

Ka ce shi ke nan, ka ji, za ka haɗa shi da tsohon hannu ya riƙa binsa. Yauwa, ka fara hankali. Amma tsaya, wane tsohon hannun? Kada dai ka ce Malam wane, wanda ya san duk wata kafar zurarewa, mai zuwa ranar Litinin ya sa hannun mako guda. In ka ba shi yaro, cikin wata ɗaya zai yaye maka gwani, ya iya "dawo gobe", ya iya "fayil ɗin na wajen Oga", ya iya ajiye hula a kan tebur don a ɗauka yana kusa. Horo kam ana yin sa ko ka shirya ko ba ka shirya ba, benci na ƙarƙashin maina bai taɓa fashin aji ba. Zaɓi wanda kai kanka za ka iya ba wa ajiyar makullin gidanka, ka rage masa wani aikin, ka gaya masa yaron nan amanarka ne na wata uku. Bayan wata ɗaya ka kira yaron ka tambaye shi abin da ya gani. Sabon ido na ganin ramin da ku kuka saba tsallakewa har kuka manta rami ne.

Saura hujjarka ta ƙarshe, wadda ka ɓoye a aljihun baya. Ka ce in ka wahala ka koya masa, da ya goge zai nemi hanya a mayar da shi Dutse ko ya tsere Kano, ka yi wa wani kiwo. Wasu za su tafi, ban musa ba. Amma ka lura da waɗanda suka fi saurin kai takardar neman canji? Waɗanda aka yasar ne, aka tura su ƙauye ba masauki ba mai nuna hanya, suka kwana biyu sauro ya yi walima da su. Wanda Bulama ya san sunansa, matan gari suka fara aiko masa da tuwo, masunta suka fara ajiye masa tarwaɗa mai ƙiba, wannan ko an yi masa canji sai ka ga yana jan ƙafa. Wanda kuwa ba ka koya wa komai ba, kada ka damu, ba mai ƙwace maka shi. Naka ne har shekara talatin da biyar, kullum yana gaban teburinka yana tambaya ina makullin sito.

Har yanzu kana girgiza kai? To ba na jayayya da manya. Ga gayyata. Bari Agusta ta kama, ka sa shaddarka mai sitaci, ka zo ni zan biya kuɗin acaɓa har inda hanya ta sunkuya. Ba zan gaya maka komai ba, tunda ka ce a hanya ake koyo. Mai fiton nan yana nan, ya tsufa amma muryarsa ba ta tsufa ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ka zo da takalmi sau-ciki lamba arba'in da uku. In kogi ya karɓi na dama, ina da na dama a gida, shekara da shekaru yana jiran abokin zama.